Muhawara: Shin fim ɗin da aka matse daga faifan Blu-ray yana kai asalinsa?

Alhaji: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da ƙorafi, kuma ina so a saurare ni da kyau. Na daɗe ina tara finafinai a faifan Blu-ray na asali, wato faifan bidiyo mai hoton da ya fi na DVD kyau, amma da na ga yara suna karce su, na'urar kunna su kuma ta fara gardama, sai na kai wa wani yaro mai tura finafinai a kasuwa domin ya mayar mini da su fayiloli. Ya tabbatar mini cewa babu abin da zai ragu. Fim ɗin da ya ci kusan gigabait 35 a faifai ya dawo gigabait 1.5, kuma a wayarsa hoton ya yi kyau. Da na kunna shi a babban talabijin na falo sai na ga duk inda dare ya yi a cikin fim, sararin sama ya koma zobe-zobe, hayaƙi ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai, fuskokin mutane kuma sun yi sumul kamar an shafe su da yumɓu. Maganata ita ce matse fim, wato rage girman fayil ɗinsa, yaudara ce, kuma duk wanda ya ce fayil zai kai asali bai faɗi gaskiya ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ina jajanta maka, amma kalmar asali da ka yi amfani da ita ba ta zauna daidai ba. Abin da ke cikin faifan Blu-ray shi ma matsattse ne. Hoto mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wanda ke sauyawa sau 24 a kowane daƙiƙa, idan ba a matse shi ba zai haura gigabait 500 a fim na awa biyu, alhali faifan mai hawa ɗaya gigabait 25 yake ɗauka, mai hawa biyu kuma 50. Kamfanin da ya buga faifan ya riga ya matse hoton da tsarin H.264 ko VC-1 ko MPEG-2 kafin ya iso hannunka. Asali na gaskiya yana ma'ajiyar waɗanda suka shirya fim ɗin, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa riƙe shi.

Malam: Injiniya, a ganina ka kauce wa nufin Alhaji. Idan Bahaushe ya ce asali a irin wannan wuri, yana nufin abin da mai kaya ya fitar da hannunsa ya sayar, wanda ba a yi masa ƙari ko ragi a hanya ba. Faifan da kamfani ya buga shi ne asali a wurin mai saye, ko da an matse shi sau goma kafin ya fito. Bai dace mutum ya zo da damuwarsa a tare shi da gyaran kalma ba.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ba gyaran kalma nake yi don a ce na sani ba. Idan muka yarda cewa faifan matsattse ne kuma Alhaji ya ji daɗin kallonsa, to hukuncin da ya yanke cewa matsewa yaudara ce ya rushe, saura tambayar yawan matsewar. Faifan yana iya ba hoto har megabit 40 a daƙiƙa, wato yawan bayanan da ake ware wa kowace daƙiƙa ta fim. Fayil ɗin gigabait 1.5 na fim mai awa biyu bai kai megabit 2 a daƙiƙa ba, kuma a cikin wannan ɗan abin har da sauti.

Ɗan kasuwa: Tunda an zo maganar asali, ni ma ina da tambaya, kuma Alhaji ya yi mini afuwa. Shin an tabbatar faifan nasa na asali ne? Mun sha ganin kwali an rubuta Blu-ray a jikinsa da shuɗin rubutu, amma abin da ke ciki DVD ne mai gigabait 4.7 ko 8.5, wani lokaci ma an cusa finafinai da yawa a faifai ɗaya. Idan irin wannan aka kai wa yaron, to an ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Alhaji: Wannan magana ta ɓata mini rai. Na faɗa tun farko cewa fim ɗin ya kai kusan gigabait 35, kuma babu DVD ɗin da zai ɗauki haka. Wasu daga cikin faifan ma suna ɗauke da alamar yankin A na Amurka, wadda ke hana su kunnuwa a na'urar wani yanki, shi ya sa sai da na nemi na'urar da ke karɓar kowane yanki, domin namu na Afirka yankin B ne tare da Turai. Mutumin da ya sha wannan wahala ba za a ce masa bai san abin da ya saya ba.

Ɗan kasuwa: Ranka ya daɗe, ban ce ba ka san kayanka ba. Na kare yaron ne kawai saboda ba ya nan, kuma masu wannan sana'a kullum su ake zagi, alhali yawancin masu zuwa wurinsu su ne ke cewa a ƙanƙanta musu fim ya shiga memori.

Barista: Akwai ɓangaren da kowa ya tsallake. Faifan asali yana zuwa da kulle mai suna AACS, wasu kuma da ƙarin BD+, kuma ba a kwafe shi sai an karya kullen. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya irin wannan kulle. A Ingila an halatta wa mutum kwafar abin da ya saya don amfanin kansa a 2014, amma babbar kotu ta soke wannan izini a 2015. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma ta taɓo batun karya kullen fasaha. Saboda haka da zarar an cire fim daga faifai ya tashi daga asali ya koma kwafi, komai kyan hotonsa, kuma wanda ya karɓi kuɗi a kan aikin ya fi shiga hatsari.

Malam: Barista, kana nufin Alhaji ya yi sata ke nan a cikin kayan da ya saya da guminsa? Wanda ya sayi littafi ya kwafe shi da hannu domin ya adana na farkon, wa ya zalunta?

Barista: Malam, ban ambaci sata ba, kuma ina roƙon kada a sa mini kalmar da ban furta ba. Na faɗi abin da dokoki suka ce ne, ban ce ina goyon bayansu ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mai shagon kan ajiye kwafin a kwamfutarsa ya ci gaba da tura wa wasu, wanda shi ne ainihin cutar da masu shirya finafinai, har da namu na gida.

Hajiya: Ni dai ina da tambaya mai amfani, idan za a ba ni dama. An yi mini irin wannan aiki, fayil ɗin ya kai gigabait 8, amma ya ƙi shiga filas ɗina duk da akwai fili a cikinsa. Mene ne dalili?

Injiniya: Ranki ya daɗe, filas ɗinki yana kan tsarin ajiyar fayiloli mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. A sauya shi zuwa exFAT ko NTFS bayan an kwashe abin da ke ciki, sannan a duba ko talabijin ɗin yana karanta sabon tsarin. Ina zargin ma wannan ne ya sa masu shago suka saba da matse fim fiye da kima. Game da kwafi kuma, Barista, manhajar MakeMKV tana ɗauko hoto da sauti daga faifai ta zuba su a fayil ɗin MKV ba tare da ta sake matse ko ɗigo ɗaya ba, har sautin faifan mai inganci, irin Dolby TrueHD ko DTS-HD, yana nan yadda yake. Ta fuskar inganci wannan fayil daidai yake da faifan, don haka ni asali nake kiransa.

Barista: Kai da ka ce faifan kansa ba asali ba ne, yanzu kuma kwafinsa ya zama asali? Ya kamata ka tsaya a wuri ɗaya.

Auta: Yaya Injiniya, ni abin da ban gane ba shi ne yadda kake ta ambaton H.264, wanda ya fito tun 2003. Tsarin H.265 ya zo a 2013, shi ake amfani da shi a faifan Ultra HD, wato sabon nau'in Blu-ray mai ƙarin kyan hoto, da suka fara fitowa a 2016, kuma yana ba da hoto mai kyau a ƙaramin fayil. Da yaron ya yi amfani da shi a HandBrake, manhajar matse bidiyo, ya zaɓi launi mai bit 10 wanda ya fi yawan matakan launi, da zoben da Baba Alhaji ya gani a sararin sama ya ragu sosai.

Injiniya: Auta, ka yi karatu amma ba ka zagaya gidajen mutane ba. Tsofaffin talabijin da yawa ba sa buɗe H.265, sai su nuna baƙin allo ko su ce ba su san fayil ɗin ba, kuma matse shi a ƙaramar kwamfuta yana cin awanni masu yawa, ga halin da wutar lantarki take ciki. Ni na fi amincewa da H.264 a HandBrake, a sa ma'aunin inganci na manhajar tsakanin 20 da 22, a bar fayil ya kai girman da fim ɗin ya nema, musamman tsohon fim mai yawan ɓurɓushin hoto.

Auta: Wannan dai riƙo da tsohon abu ne, Yaya, domin yanzu ko wayoyi masu araha suna buɗe shi.

Malam: Kun ga an bar dattijo da damuwarsa an koma gasar sunayen manhaja. Masu sana'a ɗaya ba sa ganin laifin juna, shi ya sa har yanzu babu wanda ya fito fili ya ce yaron ya yi alkawarin da bai cika ba.

Sakatare: 'Yan uwa, lokaci ya ja, bari in taƙaita abin da aka cimma. An fahimci cewa faifan Blu-ray matsattse ne tun daga kamfani, kamar yadda Injiniya ya yi bayani da hujja, saboda haka zargin da aka yi wa matsewa bai tabbata ba. An kuma fahimci cewa H.264 ya fi dacewa da gidajenmu. Batun doka ya shafi ƙasashen waje ne galibi, sauran maganganun kuma ra'ayi ne. Muna godiya ga Injiniya bisa ilimin da ya ba mu.

Barista: Sakatare, na ambaci dokar Najeriya ta 2022 a fili, kuma ban amince a ce batun na ƙasashen waje ba ne.

Alhaji: Ni ma ban amince da wannan taƙaitawa ba, domin babu inda aka cimma matsaya a kan abin da na kawo. Gobe zan koma kasuwa in karɓi faifaina, kuma zan nemi yaron ya goge duk kwafin da ya ajiye a kwamfutarsa a gabana. Injiniya, idan da gaske akwai hanyar da ba ta rage komai, ka turo mini girman rumbun ajiyar da zan saya.