Farfaɗiya mun san ta, to "seizure" fa me za mu ce?

Jama'a ina neman masu Hausa da ma'aikatan lafiya su sa baki a nan. Epilepsy ba rigima, farfaɗiya ce kowa ya sani. Wadda ta hana ni sakat ita ce seizure, wato abun da ke zuwa sau ɗaya ya wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Farfaɗiya ita ce cutar, likitoci galibi suna cewa akwai ta in abun ya faru sau biyu ba tare da wani sanadi na nan take ba, kuma da tazarar fiye da awa 24 a tsakani. Amma yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 zai iya yin seizure don zafin zazzaɓi kawai, ko don sukarin jininsa ya yi ƙasa, alhali ba shi da farfaɗiya ko kaɗan. Kenan kalma ɗaya ba za ta ɗauki su biyun ba.

Da na jefa muku tambayar wace kalmar Hausa ce za ta dace da seizure, na ga mafi yawanku kun ce jijjiga. Na yarda tana da kyau, amma ga irin wanda jiki ke sandarewa yana karkarwa kaɗai. To yarinyar da take cikin rubutu sai fensir ya tsaya cak, ido a buɗe, ka kira sunanta shiru, bayan kamar daƙiƙa goma ta ci gaba daga harafin da ta tsaya ba ta ma san an yi komai ba, kuma haka zai yi ta faruwa sau barkatai a wuni har a ce ai ba ta mai da hankali ne, ita wa ya ga jijjiga a jikinta? Ga wanda zai yi ta tauna leɓe yana tsinkar rigarsa ido a kafe. Ga jaririn da bai kai shekara ba, kai ya sunkuya, hannuwa su watsu, ya dunƙule ya sake, jere-jere musamman in ya farka daga barci, a ɗauka ciwon ciki ne, alhali wannan ma yana cikin waɗanda ake so a kai asibiti da gaggawa. Duk seizure ne.

Taune-taune, suma, shiɗewa, faɗuwa, duk matsalarsu ɗaya, kowacce ta kama kamanni guda ta bar sauran. Suma ma ta fi ruɗarwa don mutum kan suma saboda jini bai isa kai ba, wannan wani abu ne daban.

Malamin da ya kawo "tartsatsin ƙwaƙwalwa" wallahi ya yi tunani, don a zahiri abun da ke faruwa kenan, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika saƙo da 'yar wutar lantarki sai wani gungu ya rikice ya saki wuta da yawa lokaci guda. A aji ko a littafi zan yi amfani da ita. Amma Malam ka gwada faɗa wa uwa ɗanta yana da wani abu na ƙwaƙwalwa ka ga fuskarta, kunnenta taɓin ƙwaƙwalwa zai ji, kuma farfaɗiya ba hauka ba ce, tsangwamar da yaran nan ke sha ta ishe su ba sai mun ƙara musu ba. "Bugu" kuma ya riga ya yi wa bugun zuciya da bugun jini aiki.

Ni dai inda na tsaya shi ne tashi. Ba ƙirƙira na yi ba, a bakin iyaye take, "ciwon ya tashi jiya da dare", "tun da aka canza magani bai tashi ba". Tana ƙirguwa, tashi biyu, tashi bakwai a sati. Kuma tana karɓar ƙari: tashin jijjiga ga wanda aka saba gani, tashin ɗauke wuta ga na yarinyar nan mai fensir, tashin ɓangare ga wanda ke farawa daga wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa, tashin zabura ga na jarirai.

Wani zai ce duk wannan wahalar a kan kalma ɗaya? Ku duba yadda hira ke tafiya a ɗakin likita. An ɗora yaro kan magani, carbamazepine ko sodium valproate ko phenobarbital, an dawo bayan wata uku, likita ya ce Hajiya yana jijjiga? Ta ce a'a likita, alhamdu lillahi ta tsaya. Gaskiya ta faɗa. Sai dai yaron kullum yana ɗauke wuta yana tauna leɓe, ba wanda ya tambaya don ba sunan da za a tambaya da shi, sai a rubuta a kati cewa magani yana aiki, a haka shekaru za su shuɗe.

Kuma ƙirgen nan shi ne ƙofar tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashi in an gano cutar an ba su maganin da ya dace. Sauran fa? Tun 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta sa ma'auni: in an gwada magani biyu da suka dace, an sha su yadda ya kamata, tashi bai tsaya ba, to ta zama abun da nake so mu kira farfaɗiya mai gagarar magani. Daga nan ba a ci gaba da jera na uku da na huɗu ana jira, ana tura yaro cibiyar da ke duba ko zai amfana da aiki. A can za a manna masa wayoyi a fatar kai a yi awon wutar ƙwaƙwalwa, EEG kenan, wani lokaci kwanaki yana kwance kamara tana ɗaukarsa har abun ya tashi a gani, a haɗa da hoton cikin ƙwaƙwalwa da ake kira MRI, duk don a gano tushen tashin, a kuma tabbatar in an cire wurin ba za a taɓa magana ko motsi ba.

Tiyatar ba sabuwa ba ce, Victor Horsley ya yi ta a Landan tun 1886. Na yara kuma akwai binciken da aka yi a babban asibitin AIIMS na New Delhi a Indiya aka fitar a 2017, yara 116 masu gagarar magani aka raba biyu, bayan shekara guda kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki ba su ƙara tashi ba, a ɓangaren masu magani kaɗai kashi 7 ne. Kada a ce na ɓoye, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa aikin sun sami matsala mai nauyi, galibi raunin ɓarin jiki, kuma ba kowane yaro ne aikin ya dace da shi ba. Amma wanda aka rubuta masa "ta tsaya" a kati ko layin tantancewar ba zai shiga ba.

'Yar uwar da ta ce tashi ta yi faɗi da yawa, akwai tashin zuciya, tashin hankali, tashi daga barci, kina da hujja. A rubutu karon farko sai a ce tashin farfaɗiya, daga baya tashi kawai, mahallin zai raba. Tambayar asibiti kuma ta koma "tashi nawa ya yi a watan nan, wane iri, minti nawa?" Mintin ma ba wasa ba ne, tashin jijjiga in ya kai minti 5 bai lafa ba asibiti ake nufa nan take, kafin nan a kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki.

Wanda ya rage mini shi ne na zazzaɓi. Ba na son kalmar farfaɗiya ta raɓe shi sam, tunda yawancin yaran suna girma su bar shi. Jijjigar zazzaɓi nake ganin za mu bar masa, tashi kuma ta zama ta masu farfaɗiya. Nas-nas da ke ɗakin yara, ku da kuke jin bakin iyaye kullum, in kuka ce haka za a gane ku?