Wai me ya hana George Washington yin tazarce?

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a. Jiya a teburin mai shayi musu ya kaure, wani ya dage wai doka ce ta tilasta wa Washington, shugaban Amurka na farko, sauka bayan wa'adi biyu, ni kuma na ji an ce da kansa ya ajiye. Masana tarihi a raba mana gardama don Allah.

Malam_Alli:
Wa alaikumus salam, kai ke da gaskiya ɗan uwa. Lokacin tsarin mulkin Amurka bai ƙayyade wa'adi ba sam, ya hau a 1789 ya sauka a Maris 1797, kuma da ya nemi na uku da wuya a samu mai kayar da shi, amma ya gaji, ga jaridun adawa sun sako shi gaba, shi dai burinsa ya koma gonarsa ta Mount Vernon. Abin ya zama al'ada sama da shekara 140 har sai da Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu ya rasu a kan kujera a 1945, sannan aka mayar da ita doka a 1951, gyara na 22 ga tsarin mulkinsu kenan.

Maman_Hanif:
Malam ni abin da ya fi burge ni na 1783 ne. Mutum ya ci yaƙi da Ingila, sojoji na hannunsa, amma ya je gaban majalisa ya miƙa muƙamin kwamanda ya tafi gida. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, daga nan soja ya san yana ƙarƙashin farar hula.

Bazazzagi77:
Duk na yarda Hajiya amma kar a wanke shi tas. Bayi sama da 300 ke Mount Vernon lokacin da ya mutu a 1799, nasa na kansa sai a wasiyya ya ce a 'yanta su. Wannan yana min ciwo duk sanda ake yabonsa.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai. Ashe wa'adi biyun da muka ɗauko a tsarin mulkin Najeriya na 1979 daga can ya samo asali, shi ne majalisar dattawa ta tsaya a kai a 2006 da aka so tazarce. Yau da daddare zan koma wa mutumin nan, shayina a wuyansa.