Ranar da faifan sabarku ya cika, yaya kuka yi?

Mai buɗe zance: Salamu alaikum 'yan'uwa. Daren Larabar da ta wuce manhajar da nake kula wa wata makaranta ta tsaya cak, ga iyaye suna ta ƙoƙarin duba sakamakon 'ya'yansu. Na shiga sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, na buga df -h, umarnin da ke nuna wurin da ya rage, sai ga faifan ajiyarta ya cika maƙil. Dama gigabait 30 ne. Na je shafin kamfanin da muke haya a wajensu na mai da shi 60, suka nuna an ƙara. Na dawo na sake dubawa, yana nan a 30 ɗinsa. Na fi awa guda ina zufa kafin na gane aikin hawa uku ne: faifan kansa, sai yankin da aka yanka a cikinsa, sai tsarin fayil da ke zaune a kan yankin. Na farkon kawai na yi. Sai da na bi da growpart don faɗaɗa yankin, sannan resize2fs don faɗaɗa tsarin fayil, wurin ya buɗe. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari, mu ƙaru da juna.

Injiniya daga Kaduna: Wa alaikumus salam Malam. Ka yi sa'a growpart ta karɓa. Ni ƙin tashi ta yi, domin ita ma tana buƙatar ɗan wuri a /tmp, ma'ajiyar fayilolin wucin gadi, faifan kuwa babu ko masakar tsinke. Sai da na ɗora tmpfs, wato wurin ajiya da ke cikin RAM ba a faifai ba, a kan /tmp ta yi aikinta. Kuma mai tsarin fayil na XFS ya sani resize2fs ba tasa ba ce, xfs_growfs zai nema.

Ɗan Sabon Gari: Ni tawa matsalar bayan ƙarin ta zo. Cikin firgita na ɗaga faifan wani shago daga gigabait 100 zuwa 500, da niyyar idan ƙura ta lafa in rage. Ashe hanyar ba ta komawa baya, ana ƙarawa ne ba a ragewa. Kuɗin kuma a kan girman da ka ware ake lissafa shi, ba a kan abin da ka zuba a ciki ba, kuma da dala. Duk wanda ke biyan haya daga Najeriya ya san yadda wannan ya koma tun da aka saki naira a 2023. Wata uku mai shagon yana biyan wurin da babu komai a ciki, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai don amana ya ba ni. Mafitar ita ce na buɗe sabon faifai na 150, na kwashe kayan da rsync sau biyu, na biyun bayan na tsayar da rumbun bayanai da asuba, na sauya, sannan na goge tsohon. A lura da wannan na ƙarshen: faifan da ka cire daga saba amma ba ka goge ba, kuɗinsa na ci gaba da hawa.

'Yar Maraɗi: Sannunku da aiki. Yayana mai buɗe zance, kafin ka ƙara ka binciki abin da ya cinye wurin kuwa? Mu a nan sau biyu ba girma ne matsalar ba. Na farko df -h na nuna saura kusan rabi, amma saba na cewa babu wuri. Da na buga df -i sai na ga inod ne suka ƙare, wato guraben rajista da kowane fayil ke cin ɗaya, ƙananan fayiloli na zaman masu shiga shafin sun taru ba adadi, babu mai share su. Na biyu kuma wani abokin aikina ya goge wani ƙaton fayil na log, inda manhaja ke rubuta abin da take yi, wurin bai dawo ba, saboda manhajar na riƙe da shi a buɗe. lsof +L1 ce ta nuna mana shi, muka sake tayar da manhajar, wuri ya samu nan take ba tare da mun ƙara ko sisi ba.

Injiniya daga Kaduna: Gaskiyarki Hajiya. Kuma tsarin fayil na ext4 na ware kashi 5 cikin 100 don root, wato babban mai iko da sabar, tun daga farko. A faifan ajiya zalla ana iya rage shi da tune2fs -m a samu numfashi.

Malamin kwamfuta, Zariya: Bari in kawo wadda ta fi ba ni wahala. Na ƙara faifai na biyu, na rubuta shi a /etc/fstab, jerin faifan da saba ke ɗorawa idan ta tashi, da sunan /dev/nvme1n1. Bayan makonni aka sake kunna sabar, sunayen faifan suka sauya wuri, saba ta maƙale a hanyar tashi, SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ba ta shiga. Sai da na cire babban faifan, na liƙa shi a wata sabar, na gyara layin, na mayar. A nan ma na koyi cewa faifai ba ya liƙuwa sai a sabar da ke shiyya ɗaya da shi, don ta farkon da na buɗe a wata shiyyar take. Tun ranar UUID, lambar shaidar faifai da ba ta sauyawa idan an sake kunna saba, nake rubutawa daga blkid, in ƙara nofail don saba ta tashi ko ba ta ga faifan ba, in gwada da mount -a kafin in tashi daga kujera. Ɗalibaina ma haka nake tilasta musu.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya saka, Malam. Ƙari ga masu faifan haya na Amazon da ake kira EBS: a nau'in gp2 saurin faifai na tafiya ne da girmansa, IOPS 3 (yawan karatu da rubutu a daƙiƙa) kan kowane gigabait, shi ya sa wasu ke ƙara girma alhali sauri suke nema. gp3 kuwa da 3,000 yake farawa komai ƙanƙantarsa, kuma ana sauya nau'in saba na kan aiki.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ƙanwata ta Maraɗi, na bincika kamar yadda kika ce: log ne na wata bakwai, gigabait 17, babu logrotate mai share tsofaffin log. Na saita shi yau, na sa a turo mini saƙo idan faifai ya kai kashi 80. Saura abu ɗaya. Ranar ban ɗauki hoton faifan ba, wato kwafinsa na ajiya, kafin in taɓa yankin, kuma rumbun bayanai na MySQL ke kansa. Ku da kuke ɗauka kullum, kuna tsayar da rubutu da fsfreeze ne tukuna, ko mysqldump kuke yi daban ku ajiye a wani wuri?