Na samu tsohon jirgi mai inji, in saya in gyara ko in haƙura?

Sabon_Matuƙi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema don Allah, kuma na fi son wanda ya taɓa yin aikin da hannunsa ya amsa min. Akwai wani dattijo da yake da jirgin ruwa na faiba (wato na ƙyallen zaren gilashi da aka daskarar da gam) mai tsawon ƙafa 17, ƙirar wajajen shekarun 1980, ya daɗe a ajiye kan tirelarsa an lulluɓe da tamfol tun da ƙafa ta fara ba shi matsala, yanzu ya ce in ina so in ɗauka a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Injin da ke bayansa Evinrude ne mai ƙarfin doki 70, irin wanda yake shan fetur gauraye da mai. Na juya shi da hannu yana juyawa, bai kafe ba. Abu biyu ne suka tsaya min a rai, daben yana lotsawa in na taka ta wajen baya, sannan da na kama ƙafar injin (ɓangaren ƙasa mai ɗauke da farfela) na girgiza sai na ga allon bayan da injin ke rataye a jiki yana ɗan motsi. Ni ba sana'a zan yi da shi ba sha'awa ce kawai, Asabar da Lahadi nake da su, na iya aikin katako daidai gwargwado kuma ni nake gyara babur ɗina. To in saya ko in bari? In kuma na saya da me zan fara, jiki ko inji?

Abu_Sadik: Wa alaikumus salam. Ka nemi na alminiyam kawai ka huta, ba ruɓewa ba komai.

Dan_Teku: Abu na farko ka cire wannan injin ka sa sabon Yamaha irin wanda ba a gauraya masa mai, ba hayaƙi ba ƙara kuma ba ya shan fetur da yawa. Ni tun da na canza ban sake ganin bakanike ba.

Malam_Faiba: Dan_Teku ka karanta abin da mutumin ya rubuta kuwa? Ya ce allon baya yana motsi, kai kuma kana cewa ya rataya masa injin da ya fi wancan nauyi. Ɗan'uwa Sabon_Matuƙi, allon nan ba faiba ba ce zalla, katakon filawud ne a tsakiya aka lulluɓe shi da faiba ciki da waje, kuma ruwa yana shiga ta ramukan kusoshin inji da ramin da ake zubar da ruwa, shekara da shekaru yana cin katakon a ɓoye. Allo mai lafiya ko ka hau ƙafar injin da nauyinka bai kamata ya motsa ba. Kafin ka ba da ko sisi ka roƙi dattijon ya bar ka ka ƙwanƙwasa allon da ƙaramar guduma, wuri mai kyau yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma ka ji dum dum. In ya yarda ka huda ƙaramin rami ta ciki can ƙasa ka duba garin da ya fito, fari busasshe ko baƙi jiƙaƙƙe, daga baya a toshe ramin.

Kawu_Ilu: Yaro ka gudu. Wallahi ka gudu kar ka waiwaya. Ni ne nan zan ba ka labari don abin da ya same ni ko maƙiyina ba na masa fata. Nawa ƙafa 16 ne, na je na gan shi yana sheƙi, sabon fenti, sabon kafet a dabe, a bayansa kuma an ɗaura wani farantin ƙarfe mai kyau, na tambayi mai shi na ce wannan fa, ya ce ai don ƙarin ƙarfi ne kawai Alhaji, ya rantse min ya kuma rantsewa cewa jirgin lafiyarsa lau. Ranar da na fara sa shi a ruwa da yarana biyu a ciki, ina ƙara wuta na ji wani ƙas a bayana, na juya na ga injin ya karkace ruwa yana shigowa ta tsagar da ta buɗe a kusurwa. Ƙaramin yana kuka babban yana kwarfar ruwa da bokiti, Allah ne ya kawo wasu mutane suka ja mu zuwa gaɓa, kuma da ba don rigunan ceto da ke jikinsu ba ni kaina ban san halin da zan shiga ba a lokacin. Da muka cire farantin nan, katakon da ke ciki da hannu nake kwasarsa kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muka ɗaga daben, katakan nan dogaye da suke bin tsawon jirgin a ƙasa suna riƙe shi duk sun tafi, soson da ake cusawa a ƙarƙashin dabe don hana jirgi nutsewa ya sha ruwa ya yi nauyi mutum ɗaya ba ya iya ɗaga guntunsa. Na koma wajen wanda ya sayar min ya ce shi ma haka ya saya. Haka ya saya! To waye ya ɗaura farantin, waye ya shimfiɗa kafet a kan ruɓa?

Ummu_Hanan: Innalillahi, Kawu Allah ya ƙara tsarewa. Yaran dai ba abin da ya same su ko?

Kawu_Ilu: Lafiyarsu ƙalau 'yata, sai dai ƙaramin har yau ba ya yarda ya shiga jirgi. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Na kai wa wani mai aikin faiba, ya yanke komai na ciki gaba ɗaya jirgin yana zaune kan tirela ba tare da ya tokare shi ba, jikin ya saki ya murɗe, ya zuba sabon aiki a kan murɗaɗɗen jiki. Yanzu in na tuƙa sai ya riƙa ja gefe ɗaya ina kokawa da sitiyari. In na haɗa duk abin da na kashe ya ninka kuɗin sayensa sau uku, kuma in na sa shi a kasuwa yau ko kuɗin farko ba zan mayar ba.

Injiniya_Bash: Kawu ka yi haƙuri amma sau uku ɗin nan kuɗin leburanci ne ya ci ka. Ni na canza allon baya da dabe da kaina, kayan aiki duka ba su kai rabin kuɗin da na sayi jirgin ba.

Dan_Teku: Rabi? Da wane gam ɗin? Gam da ƙyallen faiba kaɗai ni sun fi kuɗin jirgin, ban ma zo kan filawud irin na ruwa ba.

Injiniya_Bash: Saboda ifoksi ka saya. Ni foliyesta na yi amfani da shi, kuma da shi kamfani ya ƙera jirgin tun asali.

Malam_Faiba: Dukkanku kuna da gaskiya ta wani gefen. Ifoksi ya fi kama tsohuwar faiba kuma ya fi hana ruwa shiga katako, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Foliyesta yana yi in ka kankare wurin sosai har ka isa faiba mai tsabta ka goge da sinadarin asiton. Abin da ba a yi shi ne ka sa foliyesta a kan ifoksi, ba ya kamawa da kyau. Kuma maganar lissafi, wanda ya samu jirgi kusan kyauta dole ya ce gyara ya ninka kuɗin saye, wanda ya saya da tsada ya ce rabi ne, don haka wannan awon ba zai taimaki mai tambaya ba.

Ummu_Hanan: Ni dai tambayata ɗaya, uwargida ta san da maganar? Namu maigidan ya ce wata uku zai gama, yanzu mage ta haihu a cikin jirgin har 'ya'yan sun girma sun haihu a ciki su ma 😂

Abu_Sadik: Hajiya ai ya gama, gidan haya ya gina bai sani ba 😂😂

Ummu_Hanan: Kujerun dai ni na ɗinka masa su kuma sun yi kyau, suna ɗaki a jingine suna jiran jirgi. In za ka yi kujeru ka nemi ƙusoshin da ba sa tsatsa, na gama-gari damina ɗaya suke yi su ɓata ledar.

Oga_Kanikawa: Duk wannan surutun na jiki ne, ba wanda ya yi maganar inji kuma shi ne kuɗin. Juyawa da hannu ba ya nufin komai. Ka samo ma'aunin matsi ka cire fulogai ka auna kowace silinda, uku ne a wannan injin, in bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100 akwai magana a ciki. Ka kwance noti na ƙasa a ƙafar injin ka ga man giya, in ya fito fari-fari kamar an zuba madara to ruwa yana shiga. Kar ka kuskura ka tayar da shi a busasshe, akwai robar famfon ruwa a cikin ƙafar, ba ta jure ko ɗan lokaci ba ruwa, kuma wadda ta yi shekaru a zaune dama canza ta ake yi ba a tambaya. Kabureta sai an wanke don tsohon fetur yana daskarewa ya toshe ta, tiyon mai ma a canza, fetur mai gaurayen itanol yana cin tsofaffin robobi. In inji ya mutu jikin banza ne, don haka da inji ake farawa.

Malam_Faiba: Aunawa daban gyarawa daban Oga. Ya auna kafin ya saya na yarda, amma ya zuba kuɗi a inji bai san ko akwai inda zai rataya shi ba?

Oga_Kanikawa: Malam inji mai kyau ko ba jirgi yana sayuwa, jiki ba inji wa zai saya? Ni wannan ce sana'ata tun kafin wasu a nan su san ruwa.

Injiniya_Bash: Ai shi ya sa kowa yake jan ruwa zuwa gonarsa, bakanike ya ce inji mai faiba ya ce jiki. Mutumin ya ce wanda ya yi da hannunsa don sha'awa yake nema, ba masu neman kwastoma ba.

Oga_Kanikawa: Jirgi ɗaya ka gyara ka zama injiniya? Kallon YouTube ba ya sa mutum ya san ƙarar fistin da ya kusa tafiya.

Kawu_Ilu: Ku bar musu, ni da na ga ruwa yana shigowa kan 'ya'yana ni ya kamata ya saurara. Duk wanda bai ji wannan ƙarar ba bai san abin da yake faɗa ba. Na ce ya bari.

Dan_Teku: Wani abu kuma, Evinrude fa an daina ƙera shi tun 2020, kamfanin da ya mallake shi a da ma, wato OMC, ya durƙushe tun shekarar 2000. Ina zai samu kayan gyara?

Oga_Kanikawa: Ana samu, an ƙera irin injinan nan da yawa kuma kayansu da na injinan Johnson na wancan zamanin galibi suna shiga juna. Matsalar ba rashin kaya ba ce, jabu ne ya cika ko'ina. Kwali mai kyau, tambari mai kyau, ka buɗe ka ga robar famfo mai tauri wadda fukafukanta za su karye su shige hanyar ruwa su toshe ta, inji ya yi zafi, a dawo a ce bakanike ne bai iya aiki ba.

Abu_Sadik: To ai wani lokacin ku ne Oga, ba kai ba amma 'yan uwanka. Na kai injina a canza min robar nan, na biya kuɗin ta asali, ba a jima ba ruwan da yake tsartowa ta baya ya tsaya cak muna tsakiyar ruwa. Da wani ya buɗe min tsohuwar ce a ciki ba a ma taɓa ta ba. Tun daga ranar duk abin da aka canza min sai an ba ni tsohon a hannu.

Kawu_Ilu: Ni nawa wata da watanni ya yi a gareji, kullum gobe kullum gobe, da na karɓo shi farfelar da ke jiki ba tawa ba ce, tawa sabuwa ce wannan kuwa baki duk ya ci. Na yi magana aka ce na manta ne. Ni zan manta farfelata?

Oga_Kanikawa: Ku ma masu jirgi ku faɗi naku, mutum ya kawo inji ya ɓace ba kuɗin kaya ba waya, in ya dawo ya ce an riƙe masa. Wani kuma shi zai sayo jabun da kansa don araha ya ce a ɗaura.

Sabon_Matuƙi: Na gode ƙwarai 'yan uwa, Kawu Allah ya kiyaye gaba. Na koma ɗazu dattijon ya bar ni na huda ramuka biyu, na sama garin ya fito busasshe, na ƙasa kusa da ramin zubar da ruwa baƙi ne kuma da damshi. Ma'aunin matsi ban samu ba tukuna. Malam_Faiba, in haka ne ana iya canza rabin allon na ƙasa kawai ko dole sai duka? Kuma ta ciki ake yankewa ko ta waje?

Abu_Sadik: Oga_Kanikawa tsakani da Allah wanda ya sayo jabu da kansa daban, ni kuɗin ta asali na bayar kuma da rasit ɗina. Ka faɗa mana kawai yadda mutum zai gane robar kirki tun a kanti kafin a ɗaura masa, ana lanƙwasa ta ne ko a kwali ake ganewa?