Idan shirin C yana aiki lafiya amma akwai UB (undefined behavior, wato abin da ƙa'idar C ba ta fayyace sakamakonsa ba) a ciki, kuskure ne?

ɗan_koyo:
Assalamu alaikum malamai. Ga abin da ya ɗaure min kai: `int y = x + 1; if (y < x) return -1;` Manufata in kama lokacin da x ya kai 2147483647 ya zube. Da -O0 (ba a kunna inganta kod ba) gwajin yana kamawa, da -O2 (an kunna ingantawa) kuwa kompailan GCC ya share shi gaba ɗaya. Laifin kompaila ne ko nawa? Sannan idan akwai UB a kod amma sakamako daidai yake fitowa, za a ce kuskure ne?

malam_gcc:
Wa alaikumus salam. Laifin kod ɗin ne. Ƙa'idar C ta ce idan lissafin int mai alama ya wuce iyakarsa, ba a fayyace abin da zai biyo baya ba. Don haka kompaila yana da damar ɗauka cewa hakan ba zai taɓa faruwa ba. Tunda haka ne, x + 1 kullum ya fi x, sai ya ga gwajin naka ba shi da amfani ya cire. Da -O0 sa'a kawai ka ci, na'urar ce ta juya lambar ta koma -2147483648.

Gyaran shi ne ka yi gwajin kafin lissafin: `if (x == INT_MAX)`, INT_MAX shi ne lamba mafi girma da int ke iya ɗauka. Idan a + b ne, `if (b > 0 && a > INT_MAX - b)`, sannan ka yi makamancinsa da INT_MIN, wato mafi ƙanƙanta. Daga GCC 5 akwai `__builtin_add_overflow`, C23 kuma ta kawo `ckd_add` a cikin stdckdint.h. Unsigned, wato int marar alama, ba ya da wannan matsalar, juyawarsa an fayyace ta.

hajiya_kernel:
Na yarda da Malam, amma da sharaɗi. Idan ka sa -fwrapv, GCC ya yi maka alkawarin lambar za ta juya, layin naka ya zama halal a wannan kompailan. Linux ma haka take yi, ana gina ta da -fno-strict-aliasing da -fno-delete-null-pointer-checks. Na biyun ya shigo ne bayan abin da ya faru a 2009 a direban tun na sadarwa a Linux: an karanta `tun->sk` tukuna, sannan aka duba ko tun NULL ne. GCC ya ce ai an riga an bi manunin (pointer), ba zai zama NULL ba, ya cire gwajin, aka samu ƙofar da mai kutse zai bi ya zama root, mai cikakken iko da na'urar. To amma alkawarin ya kasance rubuce a Makefile, fayil ɗin umarnin gina shirin. Wanda ke dogaro da shi ba tare da tutar ba, kuskurensa yana nan kwance, ranar da aka sabunta kompaila zai tashi.

mai_arduino:
Ƙanena, ka rarrabe abu uku, mutane na cakuɗa su. Girman int kowane kompaila ne ke zaɓa ya rubuta a takardunsa. Wace ƙima cikin waɗanda aka miƙa wa aiki (function) za a fara lissafawa, wannan an bar shi a buɗe amma zaɓin na da iyaka. UB shi ne wanda babu iyakar komai.

Na farkon yakan jefa mutum cikin na ukun. A allon Arduino Uno R3 int bit 16 ne, iyakarsa 32767. `unsigned long t = 60 * 1000;` ana yin ninkin a int tun kafin ya isa t, 60000 ba ta shiga. Rubuta `60UL * 1000`. Haka `1 << 32` a int mai bit 32: x86 yana duba bit 5 na ƙasa ya ba ka 1, ARM mai bit 32 ya ba ka 0, kompaila kuma ya ba ka abin da ya ga dama.

Kafin ka saki kod, gina shi da -Wall -Wextra, ka gudanar da gwaje-gwajenka da -fsanitize=undefined,address a kwamfuta. Sai dai ba ya ganin layin da gwajinka bai bi ta kai ba, don haka sai ka ba x ɗin INT_MAX da hannunka.