Wai kudancin Kebbi ne bora?

Ɗan Zuru: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau kam sai na faɗa ko da za a cire ni daga guruf ɗin nan. Daren jiya na kai matar ƙanena ƙaramin asibitin garinmu tana naƙuda, ba wuta ba ruwa, ma'aikaciya ɗaya tal tana aiki da fitilar waya a baki, safar hannu ma sai da na hau mashin na buga wa mai kemis ƙofa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ƙananan hukumomi 21 gare mu, don Allah wani ya nuna min ciyaman ɗaya da ke liƙa takarda a ƙofar sakatariya ya ce ga abin da ya shigo wannan watan ga inda ya tafi. Ba lissafi ba magani, mu dai mutanen kudu an maishe mu bora a jihar nan.

Baban Khalifa BK: Wa alaikumus salam. Allah Shi sauke ta lafiya. Amma ƙanena wagga kalma ta bora ba ta dace ba, ka janye ta. Wa anka mayar bora? Kanal Sama'ila Yombe Dabai shekara takwas shina mataimakin gwamna, 2015 zuwa 2023, ɗan ina ne in ba naku ba?

Ɗan Zuru: Yaya ai ka ƙarfafa maganata, mataimaki dai. Amma ni lissafin kuɗi na tambaya.

Na Bakin Ruwa Yauri: Bora ma ai ya sassauta wallahi. Ku ƙirga daga 1999, Adamu Aliero, Sa'idu Dakingari, Atiku Bagudu, yanzu Nasir Idris Kauran Gwandu, wanne ne daga Yauri ko Zuru? Jami'ar jiha tana Aliero, kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha tana Dakingari, wannan ba sai an yi wa mutum bayani ba. Mu da aka kwashe mana yara a makarantar tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 wasu sai da suka kusa shekara biyu a daji, wata guda kafin nan jirgin ruwa ya kife da mutanenmu a Warra, mu ne za a ce mu auna kalma kafin mu yi kuka?

Baban Khalifa BK: To gwamnan farar hula na farko da anka zaɓa a Kebbi fa, Abubakar Musa Garkuwan Yauri da ya hau mulki a 1992? Ko shi ma Bagwandare ne? Kuma makarantar da kake magana ta gwamnatin tarayya ce, tsaro kuma sojoji da 'yan sanda ba hannun gwamna suke ba. Jami'ar aikin gona ta tarayya tana Zuru, ku riƙa faɗin wannan ma.

Na Bakin Ruwa Yauri: Wanda ko shekara biyu bai cika ba soja suka rushe komai? Haba Alhaji.

Anti Maman Yara: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Me ya sa duk sanda maza za ku yi misalin wulaƙanci sai kun jawo mace? Kun san abin da matar da ake kira bora take haɗiyewa a gidan miji kuwa? Kuma ku ɗin nan ne masu yi, wani a nan ya san kansa, ba zan kama suna ba.

Ɗan Zuru: Anti yi haƙuri ba da ke nake ba, kuma mace ce na kai asibitin ai, don ita nake wannan ihun.

Bakabe: Ku tsaya ku tsaya. In ana maganar wanda aka danne a jihar nan to Argungu ce a gaba. Sunan jihar kacokan na kakanninmu ne, daular Kanta ce Kabi, ku je Surame ku ga ganuwa. Bikin kamun kifi da aka fara tun 1934 wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2016 sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020, wa ya yi mana kuka? Kowa na cin shinkafar fadamarmu ambaliya ta zo ta share gonaki a 2020 aka zo aka yi hoto aka tafi.

Baban Khalifa BK: Mataimakin gwamna na yanzu fa ɗan Argungu ne malam.

Bakabe: Kai dai Alhaji kullum mataimaki mataimaki, da alama an sa maka data ne.

Baban Khalifa BK: Subhanallahi! Ni za ka ce ma ɗan data? Na girme ka nesa ba kusa ba, da guminna nike ciyar da iyalina, ban taɓa karɓar ko sisin wani ɗan siyasa ba. Admin a shiga tsakanina da yaron ga.

Bakabe: Yaro kuma? 'Ya'yana huɗu.

Malama Jega: Jama'a an bar tambayar fa. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, me zai hana mu rubuta takarda mu sa hannu mu kai wa ciyamomin mu nemi lissafin wata shida kawai?

Na Bakin Ruwa Yauri: Malama sai Alhaji ya fara yarda cewa an danne kudu tukuna.

Anti Maman Yara: Sai an fara janye kalmar nan dai.

Admin Malam Na Gwandu: To jama'a na karanta komai tun daga sama. A fahimtata abin da ya fito fili shi ne ba wanda ya kawo hujja cewa an ware wani yanki, Baban Khalifa ya kawo sunaye da shekaru kuma ba a iya karya ko ɗaya ba, sauran kuwa ɓacin rai ne kawai. Matsalar asibiti tana ko'ina har a ƙauyukanmu na Gwandu kuma muna kyautata zaton hukuma na sane. Ɗan Zuru ya yi kuskure da ya kawo kalmar raba kai cikin jihar da masarautunta huɗu ke zaune lafiya tun 1991, ya janye ta. Bakabe ya ba Alhaji haƙuri a nan cikin guruf ba ta bayan fage ba. Maganar takardar Malama a bar ta sai hankula sun kwanta. Na rufe turo saƙo zuwa bayan sallar Isha'i, kuma duk wanda ya sake rubuta bora ko mowa zai yi hutun mako guda a waje.