Neman shawara: mun cire tsoffin bishiyoyin tuffa mun dasa sabbi, damina biyu sun ƙi girma

Mai Tuffa Ketu:
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah masu ilimin noma ku agaza min. Ni sana'ata kayan marmari a nan kasuwar Ikosi da ke Ketu, tuffa nake sarowa katan katan irin wadda ake shigowa da ita daga Afirka ta Kudu, amma can gida wajen Vom marigayi mahaifinmu ya bar mana ɗan lambun tuffa, bishiya sittin da 'yan kai, yawanci irin Anna ce, shi ya dasa da hannunsa tun muna yara. To sun tsufa sun daina bada abin kirki, sai muka yi shawara da ƙanina da ke zaune can, na tura kuɗi aka sare su aka tone kututturan, aka sayo dashe masu aure aka zuba a ramukan nan dai na da tunda layi a shirye yake ga ruwa kusa. Damina biyu kenan. Wlh da na je babbar sallah na gansu sai da gabana ya faɗi, su basu mutu ba su basu girma ba, ko ƙuguna basu kai ba, ganye ƙanana kamar na magarya. Abin da ya fi ɗaure min kai akwai guda bakwai da suka yi saura bayan ramuka sun ƙare, aka dasa su bakin shinge inda a da masara ake yi, waɗannan yanzu sun fi ni tsayi. Dashe ɗaya, rana ɗaya, mutum ɗaya ya dasa. Mun zuba NPK mun zuba kashin kaji shiru. Yanzu ƙanina ya ce in ƙaro kuɗin taki buhu huɗu, gwaggonmu kuma ta ce hannu aka sa mana. Ya zan yi?

Dan Agege:
wslm Alhaji kasar ce ta gaji kawai, shekara nawa bishiya na tsotsa. ka nemi kashin shanu tirela guda ka zuba ka gani

Hajiya Idi-Araba:
Allah ya jiƙan Baba. Ni dai ka binciki wanda ya sayar muku da dashen, mutanen yanzu sai addu'a, sai su haɗa maka da na banza a ciki.

Mai Tuffa Ketu:
Amin Hajiya na gode. Nima na yi wannan tunanin amma bakwai ɗin can ai cikin dashen aka ɗebo su ba zaɓa aka yi ba, ragowa ce ma.

Malamin Gona Ikorodu:
Alhaji dan Allah ka riƙe kuɗin takin nan a aljihunka tukuna. Bakwai ɗin nan na bakin shinge sun riga sun gaya maka inda matsalar take, ba a dashen take ba, ba kuma yunwa bace, a cikin ramukan take. Wannan abu sananne ne duk inda ake noman tuffa, Amurka, Jamus, Sin, har can Ceres da Elgin na Afirka ta Kudu inda katan ɗinka ke fitowa suna fama dashi, ciwon sake dashe ake ce masa, wato ka dasa tuffa a gurbin tuffa.

Yadda abin yake, ƙasar da ke manne da saiwar bishiya cike take da halittu da ido baya gani, wasu masu amfani wasu mugaye. Bishiyar da ta yi shekara ashirin talatin a wuri ɗaya ta tara nata mutanen a gindinta, masu cin saiwar tuffa musamman, ita babbar bata damu ba don saiwarta ta yi nisa ta yi ƙarfi tana jurewa, kamar dattijon da ya saba da sauron unguwarsu ne. Kai kuma sai ka cire ta ka kawo jariri ka ajiye musu a tsakiyar gida. Kuma ba ƙwaya ɗaya bace balle a ce ga maganinta, taron dangi suke yi: akwai fangas irinsu Rhizoctonia da Ilyonectria, akwai Pythium da Phytophthora masu son wuri mai laima, sannan ga wata tsutsa ƙarama ƙwarai mai suna Pratylenchus da ke huda saiwa ta shiga ciki, raunin da ta bari kuma ƙofa ce ga sauran. 'Yan siraran saiwoyin nan masu kama da gashi su suke fara ci, kuma da su bishiya ke shan ruwa da taki. Shi yasa ka zuba NPK baka ga komai ba, abinci ne ka ajiye gaban wanda bashi da baki.

Ka sa ƙaninka ya tone guda ɗaya daga marasa lafiyan da guda ɗaya gefen masu lafiyan a hankali, ya wanke saiwar ya turo hoto. Mai lafiya zaka ga fara ce ga gashi cunkus, ɗayar kuma ta yi duhu duhu, gajera, bakinta ya ruɓe.

Mai Lambu Ojo:
Gaskia Malam ya fadi daidai, mu nan wajen Iba in ka maimaita tumatir ko attarugu a kunya daya sau uku zaka ga ya kwanta, in ka tuge sai kaga saiwar duk kulli kulli kamar carbi. Alhaji ka duba ko akwai kullin

Malamin Gona Ikorodu:
Dangi ne amma ba ita bace ɗan'uwa. Tsutsar taku mai ƙulli ce, ta tuffa bata yin ƙulli sai dai tabo mai duhu, kar ya duba bai ga carbi ba ya ce lafiya lau.

Alhaji ga gwajin da ba zai ci maka kuɗi ba, kuma shi nake so ka yi kafin komai. A ɗebo ƙasa daga ramuka biyar ko shida, zurfin kamar kamu ɗaya zuwa biyu, a cakuɗa a raba biyu. Rabi a barshi yadda yake, rabi a ɗan jiƙa a turara shi a madambaci kamar ana dambu, wajen awa ɗaya har zafi ya ratsa tsakiya, a bari ya huce ya sha iska kwana biyu uku. A zuba a ledar reno, biyar wannan biyar wancan, a sa 'yan tsiron tuffa masu girma ɗaya, ruwa ɗaya, kar a sa taki ko kaɗan. Bayan sati shida zuwa takwas in na turararriyar ƙasa sun tsere wa sauran to magana ta ƙare, abu mai rai ne ke cikin ƙasar, tunda turiri dai shi ba buhun taki bane, kisa yake yi. In kuma duka sun tsaya cak tare to sai a koma binciken tsamin ƙasa ko ruwa ne ke kwanciya, nan sai a kai samfur ɗakin gwaji, cibiyar binciken noma ta IAR Samaru ko ta IITA Ibadan da ke kusa da mu.

Mai Tuffa Ketu:
Ikon Allah, dambun ƙasa kuma. To Malam tsiron fa ina zamu samo, ko ƙwallon tuffar da nake sayarwa zai yi? Don wani lokacin in ka yanka wadda ta daɗe zaka ga ƙwallon har ya fara tsira a ciki.

Malamin Gona Ikorodu:
Don gwaji zai yi sosai. Ƙwallon tuffa sai ya sha sanyi kamar wata biyu yake tsira, waɗanda kake gani sun tsira ai sanyin ɗakin ajiya da na kwantena suka sha. Ka naɗe su da tsumma mai laima ka sa a firij, in wutar unguwarku na barin firij ya yi sanyi kenan. Amma don gwaji kawai fa, kar ka ce zaka cika lambu dasu, ɗan ƙwallo baya gado uwarsa, kuma irin can suna son sanyin da ko Filato bata dashi, shi yasa Baba ya zaɓi Anna.

Sarkin Yaki Mile 12:
duk wannan dogon turanci ne, akwai maganin gas da turawa ke sawa a kasa ya kashe komai, a nemo a wuce wajen

Malamin Gona Ikorodu:
Akwai, kuma yana aiki ba ƙarya. Wanda aka fi sani methyl bromide ne, an hana shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal saboda yana lalata rufin ozon, ƙasashen da suka ci gaba wa'adinsu 2005, irin namu 2015. Akwai wasu da ake amfani dasu har yanzu irinsu chloropicrin da dazomet amma guba ce ta gaske, ba abin da za a miƙa wa yaro da fatanya bane, kuma baya tambayar waye mugu waye na kirki, duka yake sharewa, bayan 'yan shekaru mugayen su dawo. Ni bazan ba Alhaji wannan shawarar ba.

Abu mafi sauƙi kuma mafi arha shine a bar ramukan nan. Layin da ke tsakanin tsoffin layuka, inda ake bi da ƙafa ciyawa ke fitowa, can za a haƙa sabbi, a cika da ƙasar gonar masara da ruɓaɓɓen taki, duk wata tsohuwar saiwa da aka ci karo da ita a tsince a ƙone. Ba wai can ɗin tas yake ba don saiwar manyan ta ratsa, amma da sauƙi sosai. In ana son ƙari, a cakuɗa dusar shinkafa a ƙasar a jiƙa ta sharkaf a rufe da leda ruf sati uku zuwa huɗu lokacin zafi, iska ta ƙare a ciki mugayen da yawa su mutu, Japan da Holan suka fara wannan dabarar. A jihar Washinton ta Amurka kuma tunkuzar irin mastad suke gwadawa, mu nan samunta ne aiki. Fulawar nan marigol mai ruwan ɗorawa ita ma tana rage tsutsar in an shuka ta damina guda cif.

Sai maganar gindi. Ka tambayi mai dashen a kan wane gindi ya yi auren. In MM106 ne to shi dama baya shiri da Phytophthora musamman inda ruwa ke kwanciya. Akwai irin Geneva da aka fitar a jihar New York, G.41 da G.935, waɗanda ke jure ciwon nan, in ka samu mai su falillahil hamdu, amma kar wani ya maƙala wa dashe takarda ya ce maka shine.

Mai Tuffa Ketu:
To in mun matsa, tsoffin layukan fa? Ƙanina dama yana ta nacin sitiroberi tunda mutanen Chaha can kusa da Vom na samu da ita, nan Legas ma ana nema.

Malamin Gona Ikorodu:
A'a Alhaji banda ita. Sitiroberi da tuffa gida ɗaya suka fito, dangin fulawar ros ne su duka, masu cin saiwar wannan da yawansu suna cin ta waccan, kiwonsu zaku ci gaba da yi. A kai ta wani fegin. Nan a sa hatsi, acca ko alkama in da ruwan rani. Kuma kar a ce an huta shekara biyu an dawo da tuffa, abin nan yakan yi shekaru ashirin ko fiye a ƙasa yana jira.

Hajiya Idi-Araba:
To su sittin da wani abun da ke ramin yanzu fa, zubarwa za a yi? Kuɗi ne fa Malam.

Mai Lambu Ojo:
ni dai da nine bazan tuge ba, tunda basu mutu ba a barsu a lallaba

Malamin Gona Ikorodu:
Anan zamu saɓa ɗan'uwa. Da yawa ba zasu mutu ba, zasu rayu har su yi 'ya'ya, amma a makare da shekara biyu uku kuma ba zasu kamo na bakin shinge ba, ga ban ruwa ga leburori duk shekara ana biya. Ni da nine in gwajin ya tabbatar, zan zaɓi masu ɗan kuzari in wanke saiwarsu tas in datse ruɓaɓɓen in mayar dasu sabon wuri farkon damina, wankin ba zai fitar da wanda ya riga ya shige cikin saiwa ba amma yana ragewa, sauran kuma in haƙura. Kuma kar a kai su kusa da bakwai ɗin can, fatanyar ma a wanke kafin a shiga wajensu.

Mai Tuffa Ketu:
Jama'a na gode Allah ya bar zumunci. Yanzun nan muka gama waya da ƙanina, ya tone guda ɗaya ya ce saiwar kamar tsohuwar igiya ba gashi ko kaɗan, hoton ya ƙi tafiya saboda netwok, in ya shigo zan sa. Kuɗin taki na ce a dakata. Matsalar da ta rage matarsa ta ce wlh ba da madambacinta za a dafa ƙasa ba, sai na sayi wani na ba direban Jos gobe in Allah ya kaimu.